Ƙwan da Bai Taɓa Zama Ƙwai Ba

Ni direban babbar mota ne, kuma a kan sitiyari furfura ta same ni. Na fara karen mota ina ɗan shekara 16, bayan na bar lakwal a aji shida. Abin da na fi ɗauka a rayuwata abu uku ne: siminti daga Malbaza, albasa daga Galmi, sai yashi da tsakuwa a cikin garin Maraɗi in hanya ta yi sanyi. Dutse kam na sha jigilarsa tan-tan, amma ban taɓa ɗaga ƙwaya ɗaya na ƙura mata ido ba sai da na haura arba'in.

Abin ya faro ne a 2019. Na kai kaya Yamai, mota ta ƙi tashi, muka yi kwana uku muna jiran ƙarfen da za a sa mata. Zama ya ishi yaron motata, ya dame ni sai mun je gidan tarihi na Bubu Hama ya ga zaki da dorina. Na bi shi don kada ya ɓace mini a birnin mutane. Shi ya nufi wajen namun dawa, ni kuwa ƙafata ta kafe gaban ƙasusuwan wani kada da ban taɓa zaton Allah ya halicci irinsa ba. Kansa kaɗai ya kusa tsayina. Mai yi wa baƙi bayani ya ce sunansa Sarkosukus, daga Gadufawa aka tono shi, can cikin Tenere, kuma ya rayu shekara wajen miliyan 110 da suka wuce, lokacin da wannan rairayin da ke cinye mana taya yake ƙasar koguna da manyan kifaye. Kusa da shi ga wani dinozor, irin dabbobin nan da suka ƙare tun kafin a yi mutum, mai dogayen ƙasusuwa a gadon baya kamar an kafa shinge, Uranozorus, wanda wani Bafaranshe, Philippe Taquet, ya bayyana wa duniya a 1976. Na daɗe ina kallon ƙashin da kansa. Siffarsa ta ƙashi, amma launi da taurinsa na dutse. Mutumin ya ce irin wannan ake kira fosil: abin da ya taɓa rai, ƙasa ta binne shi, zamani ya mayar da shi dutse. Na dawo gida na ba iyali labari, aka yi mamaki, aka manta. Ni ban manta ba.

Sai ga 2021, shekarar da zinari ya ɓulla a Ɗan Isa. Wanda yake Maraɗi a lokacin ya san yadda garin ya koma. Mai shayi ya rufe tebur, ɗan kabu-kabu ya sayar da moto, kowa idonsa a ƙasa. Ni Inna ce ta ɗaure ni da rantsuwa ban je ba, kuma da rami ya rufta da mutum 18 a watan Nuwamba na gane albarkar jin maganarta. Amma zazzaɓin ya kama ni ta wata ƙofa. Na sa a raina cewa arzikina ma a ƙasa yake, sai dai ba zinari ba.

Wata ranar Talata muna lodin marmara a wata kariya, wato mahaƙa, da ke bayan gari, shebur ɗin wani lebura ya turo wani dutse mulmulalle, ya gangaro har gaban takalmina. Girmansa kamar ƙaramar gwanda, dogo kaɗan ta gefe ɗaya, bayansa baƙi-baƙi da tsage-tsage kamar ɓawo. Na ɗauka na girgiza, sai na ji wani abu na motsi a ciki, ƙwas-ƙwas. Gabana ya faɗi. Na naɗe shi a rawani, na cusa ƙarƙashin kujera, ban ce wa kowa uffan ba. Kafin in kai gida na riga na sayar da shi ga Turawa a zuciyata, na sayi motar kaina, na biya wa Inna Makka, har na fara tunanin launin fentin da za a yi wa gidan sama.

Wata biyu yana cikin akwatin kayan aurenmu. Maiɗakina ta gan shi, ta ce in fitar mata da kayan mutanen ɓoye daga ɗaki. Na ce mata in ta san abin da ke ciki da ta shimfiɗa masa darduma.

Ɗiyar yayata tana karatun ilimin duwatsu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗanƙulodo, a lokacin tana shekara ta uku. Ranar da ta zo gaishe mu na ja ta gefe, na rufe ƙofa, na kwance rawanin. Ta juya shi, ta girgiza, ta kankare shi da farce, ta yi shiru. Na ce, “Ɗiyata, mi kika gani?” Ta ce, “Kawu, ni ƙaramar ɗaliba ce. Ku bari mu kai wa malaminmu.” Daga baya ta gaya mini tun kallon farko ta san ko mene ne, kunyar ido ce ta hana ta fasa mini ƙwai a gaban matata.

Na je da mota, da lodin yashi a bayanta, na faka a bakin hanya, yaro ya sa waigi. Malamin bai kai ni shekaru ba, amma ya karɓe ni da girmamawa. Bai fara da duban dutsen ba. Tambayar farko da ya yi ita ce, “Malam, ina kuka same shi? A wace irin ƙasa yake kwance?” Na ce cikin marmara. Ya gyaɗa kai, ya ce, “Kun yarda in fasa?” Na ji kamar ya ce zai yanka ɗana. Na ce ya fasa. Guduma ɗaya, ya rabe biyu. Ba ɗan dinozor, ba ƙashi, ba komai. Zobe kan zobe kamar an yanka albasar Galmi, baƙi, ja, rawaya, a tsakiya kuma wani curin yashi da ya saki jikinsa, shi ne mai ƙwas-ƙwas ɗin da ya hana ni barci wata biyu.

Ya yi mini bayani ba tare da ya yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ruwan da ke ratsa ƙasa yana ɗauke da narkakken ƙarfe. In ya samu wani ɗan abu a cikin yashi, sai ƙarfen ya dinga taruwa kewaye da shi, sawu bayan sawu, har ya zama curi. Tama ce dai, irin wadda kakanninmu suka narka suka ƙera hauya. Sannan ya jawo wata ƴar kwali ya fito da guntun ɓawon ƙwan jimina da aka tsinto a arewa. Ya ce in duba kaurinsa: siriri ne, bai fi kaurin kuɗin ƙarfe ba, kuma daidai yake ko'ina. Ya miƙo mini ɗan madubin ƙara girma, wanda suke kira lup, na ga ƴan ramuka kamar sawun allura, ƙofofin da ɗan cikin ƙwai ke shaƙar iska ta cikinsu. Ya ce ƙwan dinozor ma haka ɓawonsa yake, siriri mai tsari. Nawa kuwa ɓawonsa nan ya yi kaurin yatsa, can ya yi rabin haka. Kama da wane ba ta wane.

Na tattara ɓarin ƙwaina na tashi jiki ba ƙwari. Ya ce bari ya taka mini. Muna isowa bakin mota ina ƙoƙarin sallama, sai na ga ya daina saurarona, ya tsuguna bayan taya. Ya ce, “Malam, wanga fa?” Na ce waigi ne, kal ɗin da muke tare mota da shi. Ya ce yaro ya ciro. Ya zuba masa ruwan buta, ya goge ƙura da baƙin mai, ya juya mini gefensa. Ga jijiyoyin itace a miƙe, ga gurbin reshe, ga wajen da ya tsage kamar faskare. Ya sa wuƙa ya karta, wuƙar ta zame ba ta bar ko alama ba. Ya nuna mini kan guntun da lup, na ga ƴan ƙofofi a jere, hanyoyin da ruwa ke bi ya hau bishiya. Itace ne da ya zama dutse. Shekara kusan huɗu ina take shi da taya, ina zagin yaro in ya manta shi a tasha, alhali na ajiye curin tama a akwatin aure. Kaza ta kwana kan dami.

Ya ce bishiya ce da ambaliya ta binne da sauri cikin yashi, inda iska ba ta kai gare ta balle ta ruɓe ko gara ta ci. Ruwa mai ɗauke da sinadarin dutsen ƙanƙara ya dinga shiga yana cike kowane gurbi, har itacen ya ƙare, siffarsa ta rage. Shi ya sa ya fi ƙarfen wuƙa tauri, in an buga shi da ƙarfe yana ba da wuta. Sannan ya sake yi mini tambayar nan tasa: ina na same shi? Na yi tunani har kaina ya yi zafi. Ko a hanyar Dakwaro ne, ko wajen Gidan Rumji, ko wani yaron mota ne ya ɗauko a tashar da ban sani ba. Ya girgiza kai ya ce, “Kun san mota ba kartagiris? Tana tafiya, tana da kyau, amma ba wanda zai iya cewa ga asalinta. Haka fosil yake in ba a san inda aka ɗauke shi ba.” Da yaren da nake ji ya yi mini magana, shi ya sa ta zauna.

Daga ranar na fara koyon ƙasa kafin dutse, kuma nan ne tuƙi ya yi mini rana, don na san hanyoyin, labarinsu ne ban sani ba. Ɗiyar tawa ta zana mini a bayan buhun siminti. Kudancin Maraɗi, wajen Ɗan Isa da Gabi zuwa iyakar Najeriya, inda manyan duwatsu ke leƙowa, garanit ne da ƴan uwansa, waɗanda suka samu daga narkakken dutse da zafin cikin ƙasa shekara sama da miliyan 500. Abin da ya fito daga wuta ba ya ajiye ƙashi ko ganye. Ko ka ga wani abu mai kama da haƙori a can, farin dutse ne ya karye haka. Tudun da garin Maraɗi ya hau bayan ambaliyar 1945, da abin da ya yi arewa, yashi ne da tsakuwa da tsofaffin koguna suka zuba, saboda haka itacen dutse ake sa rai, ba kifin teku ba. Amma in ka wuce Madawa ka doshi Adar, ƙasa ta sake. A can wani hannun teku mara zurfi ya taɓa ratso Sahara ya kwanta, har ƙasar Sakkwato. Farin dutsen da ake ƙonawa a yi siminti a Malbaza, da wanda ake haƙa a Kalambaina, laka ce ta gindin wannan tekun haɗe da ɓawon halittunsa, ta shekara wajen miliyan 60. Ashe duk buhun da na taɓa saukewa a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Tsoho, gindin teku nake kawo wa magina.

Ta ƙara mini wani abu da ya rage mini wahala. Dinozor sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, wannan farin dutsen kuwa bayansu ya kwanta. Don haka duk wanda ya ce ya samo ƙashin dinozor a cikinsa, ko dai ya ruɗe ko yana so ya ruɗe ni. Masu neman dinozor arewa suke yi, Gadufawa da wajen Ingal, inda Paul Sereno na Amurka da mutanensa suka tono Jobariya, da Nijarzorus mai haƙora wajen 500, duka biyun an raɗa musu suna a 1999. A wajen Tanut kuma akwai wasu naɗaɗɗun halittun teku masu kama da ƙahon rago, amonit, har da wadda aka sa wa sunan Nijar. Kowane dutse da zamaninsa, kamar yadda ba ka neman mangwaro da sanyi.

Farkon abin da na samu da hannuna, da sanina, bayan damina ne, tsakanin Madawa da Malbaza. Muna jiran layin lodi, na bar yaro da mota na hau wani ɗan tudu inda ruwa ya zaizaye gefensa. Awa biyu ina tafe a duƙe kamar mai kalar gyaɗa, ban ga komai ba. Na zauna in huta, sai idona ya faɗa kan wani ɗan dutse kamar goro kusa da ƙafata. A bayansa akwai tauraro mai hannu biyar, kowane hannu da layi biyu na ƴan ɗige-ɗige, daidai wa daida, kamar aikin mai ɗinkin hula. Na juya cikinsa na ga ƴar ƙofar baki. Bushiyar teku ce, ƙayoyinta sun zube tun kafin a yi mutum. Abin mamaki, da idona ya kama ɗaya, sai na ga wajen cike yake da su. Na taka sun fi goma a hawowata. Wasu yara masu kiwo suka zo suna kallona, ɗaya ya ce su da waɗannan suke dara.

A nan na fara gane abin da malamin yake nufi da tsari. Ruwa da iska suna iya mulmula dutse, su huda shi, su ba shi kan kare ko ƙafar mutum, amma sau ɗaya, bisa haɗari. Abin da ya yi rai yana maimaita kansa: hannu biyar, gefen dama kamar na hagu, layukan girma a bayan ƙumba ɗaya bisa ɗaya, naɗin katantanwa da ke buɗewa a hankali. Kuma in na gaske ne, sau da yawa za ka samu ɗan uwansa kusa, babba da ƙarami, siffa ɗaya. Akwai ma waɗanda ɓawon ya narke, lakar da ta cika cikinsu ce ta daskare ta rage, kamar bulo bayan an zare mul. Su ma fosil ne, ko da ba ɓawo.

Kada in sa ku zaci daga nan na zama gwani. A wannan tafiyar na yi ɓarnar da har yau take ci mini rai. An gaya mini farin dutsen teku yana kumfa in an ɗiga masa abu mai tsami, binegar ko lemun tsami. Ni da ba na son abu kaɗan-kaɗan, na ce ai ruwan batir ya fi su ƙarfi. Na zaɓi wadda ta fi kowacce kyau, na tsiyaya mata. Ta yi kumfa kam, ta kuma tafi da tauraron gaba ɗaya, ta bar mini farin tabo da rami a wando. Abin da ya jure shekara miliyan 60 bai jure minti ɗaya a hannuna ba. Kuma gwajin ma bai gaya mini komai game da ita ba, don kumfa tana nuna irin dutsen ne kawai, ba ta cewa fosil ne. Yanzu in zan gwada, ɗigo ɗaya na binegar, a jikin dutsen da ke gefe.

Ƙashi shi ya fi ba ni wuya. Gulbin Maraɗi in ya janye yana barin ƙasusuwa a gaɓa, wasu sun yi baƙi don daɗewa a laka, har ka rantse tun zamanin Annabi Nuhu suke. Na taɓa cika buhu da su, ashe raƙumi ne da jaki. Ƙashin jiya ba shi da nauyi, in ka ƙwanƙwasa ba ya amon dutse, in kuma ka gasa allura ta yi ja ka ɗora masa sai ka ji ƙaurin gashi, irin na kan rago ranar Layya. Wanda ya zama dutse ba ya ƙauri, ya fi nauyi a hannu, amma in ka dubi wajen karaya za ka ga bangon waje mai santsi, ciki kuma saƙa-saƙa kamar soso, da ƴan jijiyoyi masu bin tsawonsa. Dutsen banza cikinsa da wajensa ɗaya ne, ko kuma ƙwayoyin yashi ne a manne. Akwai gwajin harshe da ake yawan faɗa: ka taɓa da harshe, in ya ɗan kama, ƙashi ne, saboda ƴan ƙofofinsa na tsotse yawu. Gaskiya ne yana kamawa. Amma tsingaron tukunya ma yana kamawa, busasshen yumɓu ma haka, kuma ƙashin da dutse ya cike dukan ƙofofinsa ba ya kamawa. Ga shi a dajinmu ba ka san abin da akuya ta yi a kansa jiya ba. Na daina.

Sai kashin maƙera. Wannan ya kayar da ni sau biyu. Baƙi ne, mai nauyi, cike da ramuka kamar cikin ƙashi, kuma yana zube a gonaki da yawa inda mutanen dauri suka narka tama. Bambancin shi ne ramukansa na kumfa ne, manya da ƙanana ba tsari, jikinsa kuma yana da sawun kwarara kamar kwalta da ta daskare. Haka wata rana na fasa wani falalen dutse na ga zanen ƴan bishiyoyi baƙaƙe a ciki, da rassa da ƙananan rassa, kyau kamar lallen amarya. Na kira ɗiyata a waya ina haki. Ta ce in duba ko akwai kara mai kauri, ko ganye mai jijiya. Babu. Ta ce, “Kawu, ruwa ne mai manganiz ya bi tsaguwar dutse ya bushe. Dandirit ake ce masa. Mu ma duk ya ruɗe mu a shekarar farko.” Ban sani ba ko gaskiya ta faɗa ko lallashina take.

Inna da ta ga abin nawa ba na ƙarewa ba ne, ta kira ni ɗakinta, ta kwance wani tsohon ƙunshi ta fito da gatarin aradu da ta gada wajen kakarta. Sumul, baƙi-kore, da kaifi a baki ɗaya. Ta ce, “Tunda ka zama malamin duwatsu, faɗa mini wanga.” Na ce, “Inna, ance hannun mutum ne ya wasa shi, mutanen da suka zauna ƙasar nan kafin a san ƙarfe.” Ta ce ita dai ta san daga sama ya faɗo, ta mayar da abinta ta ƙulle. Ban ja da ita ba. Shi ba fosil ba ne, tunda bai taɓa numfashi ba, amma ban ga abin da zan ƙaru da shi in na ci gardama da uwata a kan gadon kakarta ba.

A tasha kuwa har suna na samu, Direban Aljanu. Wasu na cewa maganin kuɗi nake haɗawa. Wani abokin aikina ya tsare ni da maganar miliyoyin shekarun nan, wai ina neman fita daga hanya. Na kai maganar gaban limamin unguwarmu, dattijo mai natsuwa. Ya karɓi bushiyar tekun ya daɗe yana juya ta a tafinsa, ya ce, “Ai an umurce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu dubi halitta. Kai dai kada ta hana ka salla kan lokaci.” Ya roƙi in bar masa ita ya nuna wa almajirai. Har yau bai maido ba.

Kuɗin da na fara nema ma sai da ya zo ya same ni. Wani mutum da ban san shi ba ya ji labarina a tasha, ya zo ya ce yana sayen haƙora da ƙasusuwa, jika kaza kowane ɗaya, shi ya san yadda zai tsallaka da su. Da a ce shekarar ƙwai ce ya zo, da har godiya zan yi masa. Amma a lokacin na riga na san akwai dokar 1997 da ta kare kayan tarihin ƙasar nan, ba a fitar da su waje ba da izini ba. Na kuma san abin da ke faruwa in aka fizge haƙori daga inda yake kwance: an samu jika biyar, an ɓata sauran dabbar da ƙila take ƙarƙashin ƙafarka. Malamin ya ja mini kunne tun farko. Abin da ruwa ya riga ya zubo a gangare, mai yawa irin su ƙumba da bushiya, in na ɗauki ɗaya ko biyu don koyo, in rubuta wajen. In kuwa na ga ƙasusuwa a jere cikin dutse, kada in sa diga. In ajiye makullin mota a gefe don a gane girma, in ɗauki hoto, in kama lambar wajen a waya, in sanar. Ban taɓa ganin irin wannan ba tukuna. Da halin da dazuzzukanmu ke ciki yanzu ma, ba na nisa da kwalta, kuma ba na hawa tudun kowa sai na gaida mai gari.

Yau ina da kwali biyu a zaure. Ɗaya na waɗanda aka tabbatar mini, kowanne a ƴar leda da takarda: rana, hanya, kilomita nawa daga wane gari, launin ƙasar da yake ciki. Ba su kai talatin ba. Ɗayan kwalin na waɗanda suka yaudare ni ne, ya fi na farko nauyi sau uku, kuma shi nake fara buɗe wa yaran unguwa in sun kawo mini abin da suka tsinto a gulbi. Ɓari biyu na ƙwan nan suna sama-sama. Akwai wani ɗan baƙin abu mai sheƙi, mai tsini, da na tsinta kwanan baya a hanyar Buza, ina zaton haƙorin kifin shak ne. Bai shiga kowane kwali ba, yana aljihun gaban riga har ɗiyata ta dawo daga Yamai ta duba.

Itacen dutsen kuwa na yi masa ritaya daga ƙarƙashin taya, na sa kafinta ya yanko mana waigin katako. Na wanke shi da omo, na ɗora shi kan tebur a falo inda baƙi za su gani. Bai yi sati ba na dawo daga Galmi na tarar maiɗakina ta sauke shi, ta tokare ƙofar kicin da shi saboda iska. Ta ce duk gidan ba abin da ya kai shi nauyi.